Abin da Ya Rage a Kaset ɗin Inna

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga Ummi, 'yata kuma uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a hanyar Jidda da duk hanyar da za ta biyo bayanta. Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe, da sharrin baki, da sharrin mai yi miki dariya alhali cikinsa ba haka yake ba. Mamanki ce za ta sa miki ita a jaka, tare da wani ɗan ƙunshi da na naɗe da hankici. Kada ki kwance ƙunshin sai kin kai ƙarshen karatu.

Na san za ki yi mamaki. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, amma ga ni ina aiko miki da wasiƙa kamar wanda yake Kano. Bakina ne ba ya yi mini biyayya in ina gabanki. Sai in shirya magana mai daɗi, da na buɗe baki sai faɗa ya fito. Na kuma san karatun Hausa da boko yana ba ki wuya, Larabci ya fi zama miki a ido. Ki daure ki bi shi a hankali, ba jarrabawa ba ce. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ga ni ina fafewa saura kwana biyu ki tashi.

Wata biyu ke nan da kika ajiye faifanki na farko a kan teburina. Waƙoƙi tara, ke kika rubuta su, ke kika rera, ke kika ɗauke su da gumin aikinki na otal ɗin Aziziyya a nan Makka, babu wani kamfani a bayanki. Kika tsaya a bakin ƙofa kika ce, "Baba, ka saurara bas, marra ɗaya. In bai yi maka ba, halas." Abu biyu kika roƙa: in saurara sau ɗaya kawai, kuma in yarda ki sa sunanki na yanka a bangon faifan. Ko ɗago kai ban yi ba na ce, "Ba da sunan uwata ba." Shi ya sa kika rubuta 'Yar Mansur, wato unguwar da shagona yake, a wurin suna, kamar marar gida. Tun ranar ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana da sannu da zuwa. Yanzu ga shi Juma'a za ki koma gidan ƙanwar mamanki a Jidda, ki fara rera waƙoƙin a gaban mutane, kuma kina shirin fita ba tare da na sa miki albarka ba. Wannan shi ne ya hana ni sukuni.

Ba zan ba ki labarin gida ba, kin fi ni saninsa. Kurakuraina zan lissafa miki, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na farko, kina shekara bakwai. Alhazan ƙauyenmu suka zo mana ziyara a gidan nan na Zahir, falo ya cika. Kika fito da 'yar rigarki ruwan hoda, kika durƙusa har ƙasa kamar yadda mamanki ta koya miki, kika gaishe su da Hausa. Harshenki na 'yan nan ne, rabi Hausa rabi Larabci. Suka fashe da dariya, ni kuwa na fi kowa ƙyaƙyatawa. Har na ce ki maimaita wa wani tsoho da bai ji ba. Kika maimaita. Wani ya shigo, na ce ki sake. Sau uku kika yi, a na ukun muryarki tana rawa, ni kuwa ina ganin wasa nake da uwata. Daga ranar in na yi miki magana da Hausa sai ki amsa da Larabci. Na yi shekaru ina kai ƙararki wurin mamanki, wai yaran yanzu sun raina harshen iyayensu. Wata rana ta gaji ta ce mini, "Malam, wa ya rufe mata bakin?" Na ce shayin ya yi sanyi, a sake ɗumama shi.

To ki ji, Ummi. Irin dariyar nan za ki sake haɗuwa da ita. A nan akwai masu yi miki kallon baƙuwa, ko da yake a garin nan aka yanke miki cibi. Ranar da kika je Kano kuma za su ce Hausarki ta Takari ce. Ki bar su su dara, ki ci gaba da waƙarki, kada ki sake bari dariyar wani ta ƙwace miki harshe shekara goma. Ke ma in kin ga mai koyo yana tuntuɓe, a waƙa ko a magana, ki danne dariyarki ko da ta zo miki har maƙogwaro. Mai dariya yana mantawa kafin ya kai gida, wanda aka yi wa ne yake tafiya da ita.

Na biyu, jita. Kina shekara goma sha shida kika sayo ta a haraj, kasuwar tsofaffin kaya, kika ɓoye a ƙarƙashin gado. Na sani tun makon farko. Shekara talatin ina gyaran mukayyif, na'urar da ke sanyaya ɗakunan garin nan, kunnena yana gane injin da zai mutu tun daga bakin titi, balle tsirkiya a ɗakin da ke maƙwabtaka da nawa. Na yi shiru, kuma gaskiya ina jin daɗinta. Sai wata rana a majalisarmu ta Mansur, Alhaji Ɗanjuma mai shagon yadi da ke jikin nawa ya dube ni gaban mutane ya ce, "Isyaku, an ce an buɗe makarantar maroƙa a gidanka?" Aka yi dariya. Ban gama shayina ba na taho gida, na zaro jitar, na miƙa wa masu sayen tarkace. Da kika dawo makaranta na ce miki nan garin Harami ne, ba a irin wannan a gidana.

Ni ba malami ba ne. Malamai sun yi magana a kan kiɗa, kowa da hujjarsa, kuma ba ni zan raba musu gardama ba. Amma abin da na yi ranar ba don fatawa na yi shi ba. Tsoron bakin Alhaji Ɗanjuma ne, na lulluɓe shi da rigar tsoron Allah. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin na ari sunan Ubangiji na rufe kunyata da shi.

Ga kuma abin da ban taɓa gaya miki ba. Ni ma na kaɗa gurmi. A ƙauye, kafin in taho, ba a taron samari a dandali ban zo da shi a kafaɗa ba. Da zan hau jirgi na bar wa wani abokina, na ce ya riƙe mini sai baɗi. Shi ya sa ranar da na ga hoton ƙawarki Rawan riƙe da abin nan da kuke kira banjo, na kusa yin dariya a fili. Kika ce wa mamanki asalinsa daga ƙasashenmu aka tafi da shi Amurka, kuma irin waƙar da kike yi ta manoman can ce da direbobin manyan motoci, labari da tsirkiya kawai, ba tarin ganguna. Ina daga ɗaki ina jin ku. Na ce a raina, ai wannan jikan gurmi ne, ya je ƙetare ya dawo da ƙarfe a wuya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni ne dai na yi ta ƙoƙarin ɗaure miki ƙafa.

Shawarata a nan ita ce, duk abin da za ki bari, ki bar shi don Allah, duk abin da za ki yi, ki yi shi yadda ba za ki ji kunyar Allah ba. Ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa, ba majalisa ba. In lokacin salla ya yi ki ajiye jitar, ko da ɗaki ya cika ana tafa miki. Kada ki rera kalmar da ba za ki iya rerawa a gaban mamanki ba. Kada kuma ki wasa mutum don aljihunsa, ko da ya yi miki alkawarin duniya da abin da ke cikinta.

Na uku gajere ne, amma har yau in na tuna sai in ji zufa. Wani dattijo Bayamane, Ammi Saleh, shi ya koya mini sana'a. Shekara bakwai ina ƙarƙashinsa, tare muke cin abinci a faranti ɗaya. Da na ga hannuna ya faɗa, sai na buɗe shagona a Mansur ban yi masa sallama ba, har na ja wasu daga cikin masu kawo masa aiki. Bayan mako guda sai ga shi a ƙofar shagon da kwalin dabino da sabbin sifanu. Ya ce, "Mabruk, ya waladi," wato barka ɗana, ya dafa kafaɗata ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ke ma kina da naki Ammi Saleh ɗin. Rawan ce, wadda kuka rataya barguna a bangon ɗakinta don kada ƙarar titi ta shiga faifan. In Allah ya ɗaga ki, masu manyan ofisoshi za su zo da takardu da murmushi, su ce za su haɗa ki da waɗanda suka fi ta iya kiɗa. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba har ƙarshe, ki kuma kai wa wanda ya san doka ya duba miki. In rabuwa ta zama dole, ki je da ƙafarki ki yi sallama, ki ambaci sunanta duk inda aka ambaci faifan nan.

Yanzu na zo ga na huɗu, wanda saboda shi na ɗauki biro.

Ke kin taso a zamanin waya, kina ganin fuskar mutum yana wata ƙasa. Mu a lokacinmu kaset ne wasiƙarmu. Mutanen gida za su zauna gaban rediyo su yi magana, a ba wani alhaji ya taho da shi. In ya iso ka saurara, sai ka ɗauki amsarka a kan kaset ɗin nan dai, ka shafe tasu muryar da taka, ka ba alhajin ya koma da shi. Haka kowa yake yi. Ba wai sabon kaset ya gagare mu ba, ga su nan jibge a shagunan Mansur. Al'ada ce kawai, kamar yadda ake mayar da kwano da wani abu a ciki.

A shekarata ta biyar a Makka, wani alhajin ƙauyenmu ya kawo mini kaset daga Inna, kakarki, wadda kika ci sunanta. Yayata Abu ce ta riƙe mata rediyon. Lokacin aikin Hajji ne, gidajen Aziziyya sun cika da alhazai, kowane mai gida yana kirana mukayyif ya tsaya. Na saurari kaset ɗin sau ɗaya tak, ina cin abinci a tsaye, hannuna duk baƙin mai. Ta gaishe ni, ta ba ni labarin damina da awakinta, ta tambaye ni yaushe zan zo. Shekara biyar ina ce mata baɗi. Daga nan ta ce bari ta yi mini waƙar da take yi a bakin dutsen niƙa ina goye a bayanta. Ta yi ta tun daga farko har ƙarshe. Na ce a raina, tsohuwa da rigima, ina fama da aiki tana yi mini waƙa.

Washegari na mayar da kaset ɗin farko, na danna jan maɓalli, na hau magana. Na lissafa mata atamfa da zamzam da dabinon da na ba alhaji ya kai mata. Na kawo uzuri iri iri: iƙama, mai gida, tsadar jirgi. Na ce baɗi in sha Allah. Kusan awa guda ina zuba a kan muryarta.

Alhajin bai kai ga tashi ba, saura kwana huɗu jirginsu, aka bugo waya shagon wani ɗan garinmu aka ce a gaya mini Inna ta rasu. Zazzaɓin kwana uku. Na karɓo kaset ɗin daga jakar alhaji, na dawo ɗaki na kunna, ina neman muryar uwata. Sai na ji tawa. Na juya ɗaya gefen, ni ne dai. Da hannuna na shafe ta, don in gaya mata ƙaryar baɗi. Da na sani ƙeya ce, Ummi, kuma tawa ta yi nauyi.

Baiti biyu na farkon waƙar ne suka zauna a bakina. Su nake yi miki kina jaririya in kin ƙi barci, su nake yi in ina kwance inji ban san ina yi ba:

Tsuntsun gabas, in ka sha ruwa ka dawo,
Geron gidanmu ya nuna, ban kore ka ba.

Kin taɓa tambayata sauran, kina 'yar shekara goma. Na ce na manta. Ƙarya na yi miki.

Ranar Talatar nan mamanki ta cusa faifanki a cikin ledar abincina. Kin san halinta. Bayan La'asar na shiga tsohuwar motar aikina a ƙofar shago, ita kaɗai ce ta rage mini da wurin sa faifai, na kunna. Zan gaya miki gaskiya tunda yau ranarta ce. Waƙa ta uku ta yi tsawo, kamar layin bas ranar saukowa daga Mina. Ta Turancin ban gane ko kalma ɗaya ba, amma na ji akwai wanda ya yi kewar gida a cikinta. Wadda kika yi wa matan da ke soya masa a bakin titinmu ta sa ni murmushi, har na ga hayaƙin. Hausarki kuwa tana nan da ɗan karkacenta, kuma ban taɓa jin abin da ya fi ta daɗi ba.

Sai ta tara ta shigo. Jita kaɗai, sai muryarki: tsuntsun gabas. Kika yi baiti biyun nan, kika sake yin su, daga nan sai kika ci gaba da bin sautin da baki a rufe, babu kalmomi, domin iyakar abin da ubanki ya ba ki ke nan. Kin bar wa sauran wurinsu, ba ki cike da naki ba. Ummi, na kifa kaina a kan sitiyari na yi kukan da ban yi ba ranar da aka bugo wayar nan.

Ina cikin haka sai ga Alhaji Ɗanjuma ya leƙo ta taga, da sandarsa. Ya tsufa yanzu, kunne ɗaya ya tafi. Ya saurara ya ce, "Isyaku, muryar wa ce wannan?" Na share fuska na ce, "'Yata ce. Ita ta rubuta, ita ta rera." Na ƙara sauti don kunnensa mai lafiya ya ji da kyau. Sai ya ce tsohuwarsa ma tana da irin wannan waƙar, ya manta ta. Shekara goma ina tsoron bakin mutumin nan, ashe abin da zai ce ke nan.

Yanzu ki kwance ƙunshin. Kaset ɗin ne. Ko mamanki ba ta taɓa jin sa ba. Ƙanwarta tana da tsohuwar rediyo mai cin kaset, na tambaya, tana aiki. Kafin komai ki kwafe shi a wayarki, ki ajiye a wuri biyu, kada ki yi irin tawa. Za ki sha surutun wani saurayi mai yawan uzuri, ki yi haƙuri da shi, bai san abin da yake yi ba. Ki bi gefe na biyu har kusan ƙarshe. Maganata ta ƙare kafin zaren ya ƙare. Za ki ji ƙarar maɓalli, sai muryar wata tsohuwa ta fito, ba ta kai minti ɗaya ba. Abin da ya tsira ke nan:

In hanya ta yi tsawo, yi sheƙarka a can,
Amma ka koya wa 'ya'yanka kukan gida.

Daga nan za ki ji ta yi 'yar dariya, ta ce wa yayata, "Abu, zai ji kuwa?" Zaren ya ƙare kafin Abu ta amsa.

Kin ga dalilin da ya sa na ce miki na manta. Ta yafe mini rashin dawowa tun kafin in roƙa, abu ɗaya ta nema, shi ne kuma na kasa. Na yi miki dariya, na ba da jitarki, na hana ki sunanta. Duk da haka kukan gidan ya same ki, ta bayan bango. Ki ƙarasa waƙar da baitinta. In kina so ki sa muryarta a ciki, na yarda, taki ce.

Ki kuma sa sunanki a faifan. Tun ranar da aka raɗa miki shi bakina bai taɓa furta shi ba, don ɗa ba ya kiran sunan uwarsa. Yau zan rubuta: Hajara. Ga shi nan, hannuna bai karye ba. Na yi zaton ina kare sunan ne da na hana ki, ashe shafe shi nake yi karo na biyu.

Shawara ta ƙarshe, kada ki ce mana baɗi. Jidda ba nisa, in kin samu hutu ki shigo mota ki zo ki ci tuwon mamanki, ko da ba ki da wani labari mai daɗi da za ki kawo. Kuma duk saƙon muryar da ta aiko miki, mai tsawon nan da kike ƙorafi a kai, kada ki goge.

Na sa miki albarka, Ummi, albarkar da na riƙe wata biyu ba da haƙƙi ba. Ki yafe wa babanki. Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki a hannun mutanen kirki, ya tsare miki mutuncinki da sallarki da muryarki. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta, ya isar mata cewa an ji. Allah ya dawo mana da ke muna raye.

In kin isa ki kira mamanki. Ni ma ki kira ni, da duk harshen da ya fara zuwa bakinki.

Wassalam.

Babanki,
Isyaku